Inshorar gida marar iyaka a Birtaniya: wa ya taɓa neman diyya, kuma yaya ta kaya?

Abban Sadiƙ, Bradford

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Allah Ya nufa mun samu gida a nan Bradford, irin tsofaffin gidajen dutse na jere da aka gina tun zamanin Sarauniya Victoria, ɗaki uku da ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Lauya ta ce lallai inshorar gini ta fara aiki daga ranar musayar kwantiragi, ba ranar karɓar makulli ba, kuma bankin da ya ba mu rance ba zai saki kuɗi ba sai ya ga takardar. Da na duba farashi sai na ga iri biyu. Wasu sun ce za su biya har fam 500,000 ko miliyan ɗaya, wasu kuma sun ce babu iyaka, duk abin da sake gina gidan ya ci su ne da biya. Ta biyun ta fi tsada da kusan fam 60 a shekara. Wanda ya taɓa shiga matsala da gidansa har ya nemi diyya, don Allah ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Maman Ilham, Bamingham

Wa alaikumus salam. Allah Ya sanya alheri, Ya sa ku shiga a sa'a. Bari in fara, don ni abin ya faɗa wa. Tamu marar iyaka ce, ta gini da ta kayan ɗaki duka. Ranar ƙaramar Sallah muna masallacin idi ɓarayi suka ɓalle ƙofar kicin ta baya. Ba su taɓa talabijin ba, ba su kalli kwamfutar yara ba. Sama suka hau kai tsaye, suka zazzage wadrof, suka farke katifa, har allon da ya rufe gefen bahon wanka suka cire. Gwal suka zo nema, kuma sun samu: sarƙa da 'yan kunne na lefena, awarwaron da na yi ta tarawa daga Makka da Dubai, da wata tsohuwar sarƙa ta mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta.

Ƙofa an gyara ba tare da musu ba. Da aka zo kan gwal sai jami'in kamfanin ya nuna min wani shafi a tsakiyar takardun. Ashe kayan ƙima, wato gwal da agogo da makamantansu, suna da nasu ƙa'idar daban. Ba za a biya sama da fam 2,000 a kan abu guda ba sai in tun farko an rubuta shi a takardar da ƙimarsa, kuma saitin sarƙa da 'yan kunne da zobe a wurinsu abu guda ne. Bayan haka akwai wani adadi da jimlar kayan ƙimar ba za ta wuce ba. Sannan suka nemi shaida: rasit, ko hoto, ko takardar mai kimanta gwal. Yaya, wa ke da rasit ɗin kayan lefe? Dangin miji ne suka sayo a Kano suka zuba a akwati. Hotunan biki ne suka taimake ni, inda ake ganin sarƙar a wuyana. Abin da aka ba ni bai kai rabin abin da aka ɗauke ba, ga shi tun daga 2024 gwal ya yi tashin gwauron zabi. Lokacin da ake sayar mana da inshorar ba wanda ya tambaye mu ko akwai gwal mai yawa a gidan, kuma har yau wannan ne ke ci min rai.

Injiniya Bala, Manchesta

Hajiya, Allah Ya mayar da mafi alheri. In ba a daɗe ba da suka ba ki amsarsu ta ƙarshe, akwai hukumar sauraron ƙorafi ta Financial Ombudsman Service, kyauta ce. Kamfani yana da mako takwas ya amsa ƙorafinki, ke kuma kina da wata shida daga amsarsa ki kai ƙara can. Ba na cewa lallai za ki ci, amma suna duba yadda aka sayar da inshorar da ko an fito da ƙa'idar fili.

Abban Sadiƙ, aikina ƙiyasta kuɗin gini ne, don haka bari in ɗan tsawaita. Adadin da ake sa wa a inshorar gini ba kuɗin da ka sayi gidan ba ne, kuɗin sake gina shi ne daga tushe: rushe abin da ya rage, kwashe ɓaraguzai, kuɗin mai zane da injiniya, tokare bangon maƙwabta tunda gidan jere ne, sannan a gina bisa dokokin gini na yau, ba na 1890 ba. A Landan kuɗin gida yawanci ya ninka na ginin, don filin ake saye. A Bradford sau da yawa akasin haka ne. Gidan dutse da ka saya da arha, sake gina shi da dutse da rufin falalen dutse na iya wuce abin da ka biya.

Na taɓa aiki a wani gida da gobara ta ci a wajen Oldham. Dattijon mai gidan ya sa adadi tun shekaru da yawa baya, ya ƙara ɗaki a sama, bai taɓa sabunta lissafin ba, kuma bayan 2020 kuɗin katako da ƙarfe da na leburori duk sun hau. Abin da mutane ba su sani ba shi ne ba sai gidan ya ƙone ƙurmus ƙarancin zai cuce ka ba. Wasu kamfanonin rage diyyar suke yi daidai da giɓin. A ce sake ginin fam 300,000 ne, kai ka sa 200,000, sai kicin ya ƙone ɓarnar ta kai 30,000: za su iya cewa kashi biyu bisa uku ka yi wa inshora, ga 20,000. Na ga dattijon nan tsaye a falonsa da ba silin yana lissafin abin da zai ciro daga fanshonsa. Wannan tsoron shi kaɗai marar iyaka take cire maka, kuma ba ƙaramin abu ba ne.

Amma ka lura, wadda ta ce fam miliyan ɗaya ma ta cire maka shi, domin gidan jere mai ɗaki uku a Bradford ba zai je kusa da nan ba. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta ABI tana da ma'aunin lissafi kyauta a intanet da aka gina kan alƙaluman BCIS, cibiyar da ke tattara bayanan kuɗin gini, ka saka girman gidanka ka gani. In gidan yana cikin waɗanda hukuma ta yi wa rajistar tarihi, wannan sai safiyo, wato ƙwararren mai duba gini, ya zo da kansa, kuma yawancin masu tallan marar iyaka ba sa ma karɓar irinsu a tsarinsu na kowa da kowa.

Wani abin dubawa: a Niyu Zilan yawancin inshorar gida da can irin wannan ce, ta sake gini ko nawa ya ci. Bayan girgizar ƙasar Christchurch ta Fabrairun 2011 kamfanoni suka ji jiki, zuwa 2013 mafi yawansu suka koma sa adadi. Waɗanda ke riƙe da ita lokacin girgizar sun amfana, don idan gari guda ya rushe lokaci ɗaya kuɗin magina tashi yake yi. Sai dai Yorkshire, inda Bradford take, ba yankin irin wannan girgizar ba ne.

Dakta Hauwa, Chesterfield

Ni ruwa ne ya shigo mana, lokacin guguwar Babet a Oktoban 2023, da kogin Rother ya yi ambaliya. Na dawo daga aikin dare na tarar ruwa ya kai gwiwa a falo, ruwan laka mai warin masai, firij ya kife yana yawo. Inshorarmu mai iyakar miliyan ɗaya ce, kuma gyaran ginin ko kusa da kashi ɗaya bisa goma na wannan bai kai ba. Don haka a wurinmu iyakar sama ba ta taɓa zama magana ba.

Inda muka ji zafi shi ne wurin zama. Sai da aka cire kafet da katakon ƙasa, aka kankare filasta har wajen mita guda daga ƙasa, aka jera injinan busar da bango suna ruri dare da rana wata da watanni, kafin ma magini ya taɓa komai. Duk tsawon wannan lokaci muna otal, daga baya gidan haya, kuma kuɗin wurin zama na wucin gadi yana da nasa adadin daban a takardar. Kowa a unguwar haya yake nema, farashi ya hau. Ina lissafi ina ganin kuɗin na ƙarewa gidan bai bushe ba, ga yara da makaranta, ga rancen gida ba ya tsayawa don ruwa ya ci ka. Da ƙyar ya kai mu. Yaya, kafin ka duba babban adadin, duba wannan layin. In mai tsadar ta ba da wurin zama mai yawa, to ni saboda wannan kaɗai zan biya fam 60 ɗin.

Ga masu neman gida kusa da kogi: akwai tsarin Flood Re da aka fara a 2016, shi ne ya sa irinmu muke samun inshora da farashin da za a iya biya. Amma bai shafi gidajen da aka gina daga 1 ga Janairun 2009 ba, kuma an tsara zai ƙare a 2039.

Zee, Landan

Masu fulat irina ku fara tambayar mai ginin. Yawanci shi ke yi wa ginin gaba ɗaya inshora, kuɗin yana cikin kuɗin hidima da muke biya duk shekara. Ta kayan ɗaki kawai ta rage mana.

Malam Nasiru, Leicester

Akwai gefen da ba a taɓo ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta ce inshorar da kamfanoni ke yi don riba ba ta halatta ba saboda garari, wato rashin tabbas, da ke cikinta, ta nuna ta taimakekeniya, wato takaful, a matsayin mafita. A gida Najeriya yanzu akwai kamfanonin takaful, amma a nan samun takaful na gida yana da wuya, kuma ko ta tsarin sayen gida na Musulunci ka bi sai an nemi ka yi wa ginin inshora. Malaman da na tambaya sun ce larura ce, ita kuma larura ana ɗaukar ta gwargwadonta. Shi ya sa ni na tsaya kan ta gini wadda na tabbatar za ta isa sake ginin, ban ƙara komai ba. Kowa ya tambayi malamin da ya aminta da shi.

Injiniya Bala, Manchesta

Allah Ya saka da alheri Malam. Abin da zan ƙara kawai, gwargwadon larurar shi ne cikakken kuɗin sake gini. Kada wani ya ji wannan ya rage adadi don taƙawa, bankin ma ba zai yarda ba.

Baban Amira, Glasgow

Tawa ta shafi kusan duk wanda ke nan, don dukkanmu muna zuwa gida. Ƙarshen 2022 jikin Hajiyarmu ya yi tsanani a Katsina, muka kwashi yara muka tafi ba mu san ranar dawowa ba. Kafin mu tashi na kira kamfanin. Matar da ta ɗauki wayar ta ce in gida ya wuce kwana 30 ba kowa a ciki, ba ruwansu da fashewar bututu, da sata, da ɓarnar 'yan iska. Wasu kamfanonin kwana 60 suke bayarwa. Na biya ƙari, suka sa sharaɗi: ko in rufe ruwa daga tushe in tsiyaye bututu, ko in bar na'urar ɗumama gida tana aiki kaɗan-kaɗan, kuma wani ya riƙa leƙa gidan duk mako. Wani ɗalibi ɗan garinmu ya ɗauki wannan nauyi, Allah Ya biya shi.

A Disambar nan aka yi sanyin da ya daskarar da bututu a ko'ina. Wani abokina da shi ma ya tafi gida bikin ƙanwarsa ya zarce da hutu, bututun saman silinsa ya fashe, ruwa ya yi ta zuba ba wanda ya sani har silin ɗakin kwana ya rufto kan gado. Ni na raka shi muka buɗe gidan, bango duk ya yi baƙi da funfuna, littattafansa sun kumbura a kan kanta. Tasa marar iyaka ce. Suka nemi ranar tafiya da ranar dawowa, suka ƙirga, suka ce ba za su biya ko fam ɗaya ba. Mai niyyar dogon hutu, ko Hajji a zarce gida, ko zaman jinya, ya kira su kafin ya shiga jirgi.

Abban Sadiƙ, Bradford

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na kira kamfanonin biyu da tambayoyinku a hannu. Abin mamaki, mai iyakar miliyan ɗaya ita ce ta fi yawan kuɗin wurin zama, kuma kwana 60 take bayarwa, marar iyakar kuwa 30. Gidan ba ya cikin rajistar tarihi, lauya ta tabbatar. Don haka ta miliyan ɗaya zan ɗauka, fam 60 ɗin kuma za su tafi wajen rubuta gwal ɗin Maman Sadiƙ ɗaya bayan ɗaya. Sun ce sai an kawo takardar kimantawa, kuma in ya kai wani adadi sai mun sa akwatin ƙarfe da aka ɗaure da ƙasa. Injiniya, saura ɗakin ƙarƙashin ƙasan. Rahoton safiyo ya ce akwai danshi a bangonsa. Wannan yana ciki?

Injiniya Bala, Manchesta

Ba ya ciki, a kowace irin inshora. Abin da suke biya shi ne wanda ya auku farat ɗaya, kamar gobara, guguwa ko fashewar bututu. Danshin da ke tsattsafowa a hankali, ruɓewar katako, rufin da ya tsufa, duk a wurinsu kula da gida ne, aljihun mai gida. Tunda rahoton ya ambace shi, duk tambayar da suka yi maka a kai ka amsa yadda yake, domin dokar inshora ta 2012 ta ba su damar rage diyya ko ƙin biya in amsar ba daidai ba ce. Ka kuma sake karanta rahoton ko ya yi maganar tsagewar bango ko motsin harsashi, don a wannan yawanci fam 1,000 na farko kai za ka biya. Kafin sanyi ya shigo ka sa a share indararon rufi, a duba bututun da ke sauke ruwan sama ta bayan gida. A gidajen dutse na Bradford sau da yawa daga nan danshin yake farawa. Turo min shafin rahoton in duba maka.