Jigo ko take: me ya sa wasanninmu na zaman lafiya ba sa ratsa zuciya?

Malamin Adabi, Jos:
Assalamu alaikum. Ina koyar da adabin Hausa a wata makarantar sakandare a nan Jos, kuma duk shekara akan umarce mu da mu shirya wasan kwaikwayo mai jigon zaman lafiya. Ban raina wannan jigo ba, domin duk wanda ya ga rikice-rikicen da suka auku a garin nan a Satumbar 2001 da Nuwambar 2008 da Janairun 2010 ya san darajarsa. Abin da ke damuna shi ne, ɗalibaina sukan hau dandamali su yi ta nanata kalmar, jama'a su tafa, amma ban taɓa ganin alamar wani ya koma gida da wani abu a ransa ba. Shin laifin jigon ne, ko kuwa namu ne?

Dattijon Anguwan Rogo:
Wa alaikumus salam, Malam. A ganina abin da aka ba ka take ne, ba jigo ba. Take shi ne irin wanda ake rubutawa a jikin lambar mota, cewa Filato gidan zaman lafiya ce da yawon buɗe ido. Jigo kuwa, tun kafin manazarta su ari kalmar, masu noman lambu sun san shi, wato itacen nan da ake kafawa a bakin ruwa domin ya ɗauki nauyin guga, kuma ba don ado ake kafa shi ba. Haka yake a adabi, shi ne manufar da ke ɗauke da nauyin aikin tun daga farkonsa har ƙarshensa.

Ka dubi Sawaba, wadda jam'iyyar NEPU ta fito da ita a Kano a 1950. Ta zauna a bakin mawaƙa da talakawa shekara da shekaru saboda daga kukan haraji da jangali da aikin tilas ta tsiro. Shi kuwa yaƙi da rashin ɗa'a da gwamnatin soja ta ƙaddamar a 1984, mun yi layi a tasha muna gudun bulala, amma da gwamnatin ta faɗi a 1985 sai layin ya watse.

Hajiya daga Gangare:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ban yarda cewa duk jigon da ya fito daga hukuma matacce ba ne. Yaƙi da Jahilci gwamnatin Arewa ce ta kawo shi a shekarun 1950, kuma har yau sunan bai bar bakin mutane ba, domin magidanci ya ga amfaninsa ranar da ya karanta wasiƙarsa da kansa, ba tare da ya kai wa wani ya ji sirrinsa ba. Malam, da za ka ji shawarata, sai ka bar ɗalibanka su yi wasa a kan mata biyu, Musulma da Kirista, waɗanda rumfunansu suka ƙone a gobarar babbar kasuwar Jos ta 2002, ɗaya tana bin ɗaya bashi, sannan ka hana kowa furta kalmar zaman lafiya har a tashi.

Mai Tace Fim, Rikkos:
Na goyi bayan Hajiya. A wurin aikinmu, fitowar da na fi yankewa ita ce wadda ake zaunar da dattijo a ƙarshe ya bayyana wa 'yan kallo darasin labarin, saboda idan labarin ya isar da saƙonsa ba a bukatarta, idan kuma bai isar ba, ba za ta cece shi ba.

Malamin Adabi, Jos:
Na gode, Baba da Hajiya da ɗan'uwa. Akwai ɗalibai uku a ajina waɗanda iyayensu mata suka yi kasuwanci a wannan kasuwa kafin gobarar, kuma gobe in Allah ya kai mu zan nemi izinin ziyartarsu domin mu ji labarin daga bakinsu kafin mu rubuta ko da layi ɗaya.