Dila ko yanyawa? Sannan wai mene ne sunan bear da Hausa

Jama'a a taimaka, ina fassara wa yara wani ɗan bayani kan namun dajin Kudancin Amurka da ke neman ƙarewa, dabbobi biyu sun tsayar da ni cak.

Ta farko fox ce ta ƙasar Chile wadda aka laƙaba wa sunan masanin halittu Charles Darwin, yawancinsu a tsibirin Chiloé suke sai 'yan kaɗan a dajin Nahuelbuta, karnukan gida na kashe su suna sa musu cuta, ga kuma sare kurmi. Na rubuta dila, wani malami yace a'a, fox ai yanyawa ce, dila jackal ne. Gaskiyarsa, amma yanyawar da muka sani kalar rairayi ce mai kunne fatan-fatan tana rami, wannan kuwa baƙi-baƙi ce mai gajerun ƙafa kuma a kurmi mai yawan ruwan sama take, masana ma sun ce jininta ya fi kusa da na kerkeci da dila.

To amma dila fa sarkin wayo ne. Ita wannan a 1834 Darwin ya iske ta zaune kan dutse ta saki baki tana kallon ma'aikatan jirgin ruwansu suna awon ƙasa, ya lallaɓo ta baya ya ƙwala mata guduma a ka. Haba dan Allah, wane dila za a yi wa haka? Na bar ta a yanyawar kurmi kawai.

Ta biyun ce ma ta fi ba ni ciwon kai, bear ɗin tsaunukan Andes, daga Benezuwela har Bolibiya, ita kaɗai ce irinta a Kudancin Amurka. Wani yace na sa kura, wlh ban yarda ba, dabbar da yawancin abincinta 'ya'yan itace ne da tsirrai dangin abarba, ta hau bishiya ta yi shimfiɗa can sama, ina kura ina wannan? Manoma ma kan ɓarnar masara da zargin kashe shanu suke harbe ta.

Tunda babu ita a ƙasarmu kakanni ba su raɗa mata suna ba, masu fassara dai sun daɗe suna rubuta beyar, 'yan Arabiyya su ce dubbu. Ni beyar na ɗauka, beyar mai tabarau, saboda farin zanen da ya zagaye idonta. Mai wata kalmar ya kawo kafin Litinin, ranar zan buga takardun.