Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: muhawarar fadarmu ta Tawa

Shugaban Fada: Assalamu alaikum jama'a. Jiya bayan la'asar muna shan shayi ƙofar gidan Baba Direba, Hajiya Uwar Marayu ta biyo, ta jefa mana wata magana ta wuce abinta. Har aka kira magariba ba mu gama ba. Cewa ta yi, aikin taimakon yaran da tashin hankali ya raba da gidajensu, a miƙa kuɗinsa da ikonsa ga ƙungiyoyin gida kai tsaye, manyan ƙungiyoyin waje su ja gefe. Na kawo ta nan zauren fadarmu na waya don na Yamai da na daji su sa baki. Ban da zagi.

Uwar Marayu: Na faɗa, kuma ban janye ba. Bari in ba ku abin da ya faru da ni. Bara wata babbar ƙungiya ta ba mu kwantiragin wata 8, mu buɗe filin wasan yara wajen Madawa, inda mutanen da suka gudo daga ƙasar Sakkwato suka sauka. Takardar ta zo daga Yamai a rubuce tsaf da Faransanci: yara nawa, tabarmi nawa, ƙwallo nawa. Nawa kawai sa hannu. Na ce musu, ni da na zauna da uwayen nan, abin da ke hana su barci takardar haihuwar ɗiyansu ce, da wanda zai raka yaro lakwal ya dawo da shi. Aka ce babu gurbin wannan a kasafin. Hayar buro, wuta, mai gadi, ko dala ba a sa mana ba. Wata 8 na cika aka rufe, ƴan mata biyu da na sha wahalar koya wa aiki, ita dai ƙungiyar ta ɗauke su da albashin da ba zan iya biya ba. To wannan shi ne haɗin gwiwa?

Ɗalibi: Inna, abin da kike nema ma ba sabo ba ne, alkawari ne da suka ɗauka da bakinsu. A watan Mayu na 2016 an yi babban taron jinƙai na duniya a Santambul. Can masu ba da kuɗi da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da manyan ƙungiyoyi suka amince cewa kafin 2020 ta ƙare, kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji zai riƙa isa hannun masu aiki na cikin ƙasa ta hanya mafi gajarta. 2020 ta zo ta wuce, ko kusa ba a kai ba.

Kontabul: Hajiya, da girmanki, amma ni zan tsaya a ɗaya gefen. Shekara 11 na yi ina duba takardun kuɗi na ƙungiyoyin gida kafin in dawo Yamai. Na ga ƙungiyar da buronta jakar hannu ce: miji shugaba, mata ma'aji, ƙanen miji sakatare. Na ga takardar halartar taro mai sunaye 40, dangwalen yatsa guda ne daga sama har ƙasa, har tabon yankan wuƙa da ke jikin babban yatsan ya fito a kowane layi. Ba labari aka ba ni ba. Kuma ku gane yadda abin ke tafiya: mai ba da kuɗi yana aiko da masu bincike bayan shekara biyu ko uku. In suka ce wannan rasit bai yi ba, sai an maido da kuɗin. Babbar ƙungiya tana da ajiya, za ta biya. Ƙungiyarki in aka ce ta maido miliyan 15 na sefa, daga ina? Gidanki za ki sayar?

Uwar Marayu: Ƙanena, wake ɗaya ke ɓata gari, na sani. Amma rasit na ƙarya a ƙananan ƙungiyoyi kaɗai ka taɓa gani? Faɗi tsakaninka da Allah.

Kontabul: A'a. Na gani a manya ma.

Uwar Marayu: To madalla. Su in nasu ya ci, a kori mutum guda a ci gaba da ba su kuɗi. Mu in namu ya ci, a ce ƴan ƙasa duka ba su da amana. Ajiyar da kake faɗa kuma daga sama ta faɗo musu? Kashi 7 cikin 100 ɗin nan da ake ba su na tafiyar da buro, shi suke tarawa shekara da shekaru. Mu a hana mu shi, sannan a dawo a ce ba mu da ƙarfi. An ɗaure akuya an ce ba ta kiwo.

Baba Direba: Ku bari tsoho ya sa baki. Ni ban san kasafi ba, hanya na sani. Shekara 20 da wani abu ina jan katkat tsakanin Tawa, Abalak, Cintabaradan, Tasara. Da can Bature na zaune gefena, mu kwana rugga, ya sha nonon raƙumi ya yi ta dariya. Tun da anka sa dokar ta-ɓaci a Tilliya da Tasara a 2017 abin ya fara sakewa. Sai ga harin Kure, 9 ga Agusta 2020, inda anka kashe Faransawa 6 ma'aikatan agaji, tare da direbansu da mai yi musu jagora, su biyun ɗiyan ƙasar nan. Daga nan baƙo bai fita gari sai da takarda da rakiyar soji, mafi yawa ma ba su fita sam. Da anka yi kisan Intazayan da Bakorat ranar 21 ga Maris 2021, mutum 137 har da yara, wa kuke tsammani ya kai barguna da buhunan hatsi? Mu ne, da samarin ƙananan ƙungiyoyi. Yaron da ke zaune bayana rannan kwantiraginsa na wata 3 ne, ba inshora, ba komi. In da mun taka nakiya, iyalinsa sai dai gaisuwa. Don haka in ana batun miƙa aiki ga ƴan gida, ni na ce an daɗe da miƙawa. Mutuwar anka miƙa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shugaban Fada: Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Mushen Bangi: Amin. Baba ya yi gaskiya, amma akwai abin da Hajiya ba ta taɓo ba, kuma ni shi ke damuna. Zama ɗan gida ba kullum ne alheri ga yaro ba. A ajina akwai ɗiyan gari, akwai ɗiyan ƴan gudun hijira, kan tabarma guda. Ranar da aka zo rubuta sunayen waɗanda za a ba kayan lakwal, wani babban mutum na gari ya aiko mini da ƴar takarda, sunaye 9, duk jikokinsa da na maƙwabtansa. Ni da nake sallah bayansa, matata ke ɗibar ruwa rijiyarsa, in ce masa a'a? Wata baƙuwa ma'aikaciya ce ta zo ta ce dokar ofishinsu ta hana, ya yi shiru, ni kuma na samu inuwar fakewa. Wannan ƙarami ne ma. Yarinyar da ƴan bindiga suka ci wa mutunci a hanya fa? In mai rubuta labarinta ɗan unguwa ne, kafin sati kowa ya ji, aure ya gagare ta. Ko yaron da aka ce ya zauna daji da mutanen nan ya dawo: ɗan gari in ya matso kusa da shi, na daji su zarge shi, hukuma ta zarge shi, ga iyalinsa a fili.

Uwar Marayu: Mushe, wannan ka kama ni. Amma riƙon sirri koyonsa ake yi, ba da shi ake haihuwar Bature ba.

Mushen Bangi: Koyonsa ake yi, Hajiya. Sai dai shi in ya gama ya hau jirgi, ni ina nan.

Ɗiyar Azawak: Tun ɗazu nake karantawa daga likita, yanzu na samu sarari. Tambayata guda: wane ne ɗan gida? Ƙungiyar da ke da buro a Yamai, shugabanta bai taɓa wuce Abalak ba, ma'aikatanta ba mai jin Buzanci ko Fillanci, in ta sauka Tilliya ai ita ma baƙuwa ce, fatarta kawai baƙa. Na taɓa yi wa irinsu tafinta. Uwa tana bayani doguwar magana a kan yadda ɗanta ya daina barci tun daren da aka ƙone zangonsu, mai tambaya yana duba agogo yana jiran in ce masa e ko a'a don ya cike gurbi.

Ni abin da na gani ya yi aiki shi ne zaren awon hannu na gano tamowa ga yara. Ƙungiyar BEFEN, ta ƴan Nijar, tare da ALIMA, ƙungiyar likitoci ta waje, su suka gwada a Mirya cewa uwa da ba ta taɓa shiga lakwal ba za ta iya auna damtsen ɗanta da kanta. Zare ne mai launi uku: ja in bai kai milimita 115 ba, rawaya daga nan zuwa 125, sama da haka tsanwa. Da farko masana da yawa ba su yarda ba. Yanzu ƙasashe da dama sun ɗauka. Makon jiya wata Bafillata ta yi tafiyar yini kan jaki, ta kwance bakin mayafinta ta fiddo zaren, duk ya yi baƙi da hayaƙi, ta nuna mini ja da yatsa kafin in ce komi. Ba ta jira tamowa ta kwantar da yaron ba. Mun ba shi abincin gujiya, yana nan yana murmurewa. To ita wannan matar a wane kashi take cikin 25 ɗin da Ɗalibi ya faɗa?

Ɗalibi: Yaya, ba ta ciki. Lissafin a kan ƙungiyoyi masu rajista da ma'aikatun gwamnati yake tsayawa.

Kontabul: Ku lura kuma, misalin da ta kawo ba na korar baƙo ba ne. Ƙungiyar gida ce da ta waje suka zauna shekaru tare.

Uwar Marayu: Shekaru, ka faɗa da bakinka. Ba wata 8 ba.

Ɗalibi: Ni ina ganin lokaci ma ya riga muhawarar. Hukumar USAID ta Amurka ta yi nata alkawarin a 2021, kashi 25 ga ƙungiyoyin gida kafin 2025. Shekarar 2025 ɗin ce aka rushe hukumar kanta. Nan gida kuma, a Nuwamba 2024 gwamnati ta janye izinin aikin ACTED, ƙungiyar agaji ta Faransa, a 2025 ta sallami ƙungiyar Kurus Ruj ta duniya, CICR. Kuma kar a manta, rana ɗaya da ACTED aka janye na APBE, wadda ta ƴan ƙasa ce. Zama ɗan gida bai kare ta ba. Baƙi na raguwa, kuɗi na raguwa, yaran na nan.

Baba Direba: Wato sai da doki ya rame za a ba mu linzami.

Kontabul: To bari in sauko kaɗan, don kar Hajiya ta hana ni hura in na zo Tawa. Abu uku zan sa wa hannu yau. A raba kashi 7 ɗin nan da ƙungiyar da ke aikin a fili. A daina kwantiragin wata 6 da wata 8, a yi na shekara 2 ko 3, don ma'aikaci ya san inda zai kwana. Sannan a binciki ƙungiya sau ɗaya kowa ya yarda da sakamakon. Na san wadda ƙungiyoyi huɗu suka bincika cikin shekara guda, tambayoyi iri ɗaya, shugabarta ta fi daɗewa gaban kwamfuta da gaban yara. Amma a zuba wa kowa miliyoyi gobe da safe ba mai dubawa, wannan ban yarda ba.

Uwar Marayu: Wa ya ce kar a duba? A duba ni har ƙarƙashin gado. Ka bar na huɗu, wanda ya fi su duka: ranar da ake rubuta takardar, ina zaune. Ba a gama a kira ni otel a Yamai a ba ni ruwan gora da kuɗin mota a ce an tuntuɓe ni ba.

Ɗiyar Azawak: Inna, ke kuma ranar da kika zauna, wa za ki kira? Matan asusu na nan kowane ƙauye. Mata Masu Dubara tun 1991 suke tara dala-dala a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, kowa ta san abin da ke ciki. Su suka fara dafa wa baƙi tuwo kafin mota ko ɗaya ta iso. In kuɗin ya zo hannunki, za ki bar su su ce ga abin da za a yi, ko ke ma za ki kai musu takarda a rubuce?

Uwar Marayu: Ɗiyata, kin san inda ake dukan tsohuwa. Gaskiya bara ban kira su ba sai ranar rabon tabarmi.

Shugaban Fada: Baba, ka zuba wa Ɗiyar Azawak shayi na farko in ta shigo gari.

Mushen Bangi: Kafin a watse. Hajiya, maganar takardar haihuwa da kika fara da ita: ina da yara 14 da ba su da ita, 5 daga ciki iyayensu mazan sun rasu a can. Sufeto ya ce in kawo sunayensu kafin ƙarshen wata.

Uwar Marayu: Rubuto mini sunan kowane yaro, sunan uwa, garin da suka baro, da shekarar da ake tsammanin an haife shi. Kar ka sa a nan, aiko mini ni kaɗai. Waɗanda aka haifa wannan gefen zan bi ta mairi da kotu. Na Najeriya sai na tambayi masu rajistar ƴan gudun hijira yadda ake yi.

Baba Direba: Jibi ina da lodin albasa zuwa Madawa. Mushe, in ka iya fitowa tasha da hantsi, kawo takardun cikin ambulan a liƙe.

Mushen Bangi: In sha Allah. Sai dai in moton maƙwabcina ya ƙi tashi, to zan aiko ɗan'uwana.