Taimako: me zan kira lauyar da ba ta gaggawar zuwa kotu?

Malamar Hausa: Assalamu alaikum. Jama'a ina cikin matsi. Ranar Alhamis muna da taron iyaye da malamai a makarantarmu ta 'yan mata, wani ƙauye bayan Ringim, kuma mun gayyato tsohuwar ɗalibarmu ta yi wa yara magana kan aikinta. Shekara 5 ta yi a Jami'ar Bayero, ta ƙara 1 a makarantar horas da lauyoyi ta Bagauda, ta daɗe tana sa baƙar riga da farin gashin nan a gaban alƙalai. Yanzu yawancin aikinta a ɗaki take yinsa, ita da masu rikici da tebur a tsakani. A takardar da ta turo an rubuta "dispute resolution lawyer", a ƙasa kuma "mediator" da "arbitrator". Ni zan gabatar da ita gaban iyayen da rabinsu ba su taɓa zama a aji ba. Shugaban makaranta yana son rubutun gobe kafin azahar.

Ɗan Gumel: Lauyan sulhu. Shi ke nan, ki je ki kwanta.

Tsohon Rajistara: A'a, kada ta kwanta tukuna. Aiki biyu ne a takardar, kuma ba ɗaya ba ne. Na farkon, "mediator", ba ta yanke komai. Tana zaunar da mutane, ta ji wannan, ta keɓe da wancan, har su da kansu su kai ga matsaya su sa hannu. In ɗaya ya tashi ya karkaɗe rigarsa, magana ta watse. Wannan mai shiga tsakani ce, gidajen rediyo ma haka suke faɗa. Na biyun kuwa, "arbitrator", hukunci take yankewa. Ɓangarorin ne suka zaɓe ta, amma da zarar ta yanke ya hau kansu, kotu ma za ta tilasta shi. Dokar da Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta ɗauki ayyukan biyu, kowanne da babinsa. Legas ta buɗe kotun nan mai ƙofofi da yawa a 2002, Kano ta bi a 2009. Kin shigo da ƙara, a duba wace ƙofa ta dace da ke.

Malamar Hausa: Na gode Baba. To ta biyun fa? Mai raba gardama?

Ɗan Gumel: Ƙuri'ar raba gardama ta riga ta cinye wannan. Alƙalin zaɓi?

Tsohon Rajistara: A lasifikar makaranta alƙalin zaɓe za a ji, a ɗauka INEC ta aiko ta.

Sarkin Nahawu: Ina karantawa ina girgiza kai. Lauya Turanci, sulhu Larabci, alƙali Larabci. Ina Hausar? Muna da sasanta, tamu ce gangariya. Yadda rubuta ta ba mu marubuci, marubuciya, marubuta, haka sasanta za ta ba mu masasanci, masasanciya, masasanta. Kalma ɗaya tilo, ba jan "mai kaza mai kaza" kamar jerin gwanon raƙuma. Shekara uku ke nan ina faɗa a wannan zaure.

Ɗan Gumel: Shekara uku, kuma har yau ko matarka ba ta ɗauka ba. Masasanciya sai ka ce wadda masassara ta kama. Kuma wa ya ce maka lauya Turanci ce? Mai lauya zance, ai sunan ya dace da mai shi.

Almajirin Malam: Allah gafarta Malam Sarkin Nahawu, in za mu kori Larabci sai mu fara da salla da littafi da Alhamis ɗin da za a yi taron. Abin nan yana da suna tun tuni. Suratun Nisa'i, aya ta 35: in an ji tsoron ɓaraka tsakanin miji da mata, a tashi hakami daga danginsa da hakami daga danginta. Malaman fiƙihu tahkimi suke kiran aikin. Shi aka yi bayan Siffin, da Abu Musa al-Ash'ari da Amru ɗan Asi. Hakami ita ce kalmar.

Tsohon Rajistara: Ma'ana ta yi daidai, kunne ne matsalar. Ka ce hakami a ƙauye, hakimi za a ji. Kuma in hakimin ƙasar yana kan kujera a wurin, yarinyar nan ta shiga uku.

Uwar Biyu: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba malama ba ce. Ni dai kalmar sulhu ce ba na so a liƙa wa yarinyar. Da babanmu ya rasu, ya bar gona a bakin fadama wajen Kirikasamma. Ƙaninsa ya shiga ya shuka shinkafa tun ba a yi arba'in ba. Innarmu ta kai kuka, aka ce za a yi sulhu. Ina tsaye bakin zaure da goyon ƙanina. Maza goma sha a kan tabarmi, ita kaɗai a rakuɓe bayan ƙyaure, mayafinta har ƙasa. Ba wanda ya tambaye ta iyakar gonar. Abin da aka yi ta maimaitawa shi ne "ki yi haƙuri, ɗan'uwan mijinki ne". Aka shafa fatiha, aka raba goro, aka ba ta buhu biyu na shanshera, gona ta tafi. A kunnen matan ƙauye, sulhu shi ne wurin da marar ƙarfi yake haƙura. In kin ce lauyar sulhu, abin da iyaye mata za su ji ke nan.

Almajirin Malam: Allah ya ji ƙan Baba. Amma Hajiya, wannan zalunci ne aka yafa masa rigar sulhu. Hadisi ya ce sulhu ya halatta tsakanin Musulmi, ban da wanda ya halatta haram ko ya haramta halal. Cin gadon marayu fa?

Uwar Biyu: Na sani Malam. Amma ba hadisin za a karanta a lasifika ba, kalmar za a faɗa.

Ɗalibin Lauya: Abin da Hajiya ta ba da labari shi ne ainihin abin da aka koya wa baƙuwar ta hana. Ba ta zama kan rikicin da take da dangi ko wata moriya a ciki sai ta bayyana. Kowane ɓangare sai ya san haƙƙinsa kafin ya yafe wani abu. Abin da aka faɗa a ɗakin a nan yake mutuwa, ba a kwashe shi a kai kotu a matsayin shaida. Ƙa'idojin aikinmu ma sun wajabta wa kowane lauya ya sanar da mai ƙara cewa akwai hanyar sasantawa kafin ya ja shi kotu, ko da yake shari'ar da ake ta ɗagewa ta fi kawo kuɗin zama. Sai dai ku lura, sunan na sama ya haɗa har da zuwa kotun. In zama ya ƙi, rigarta za ta ɗauka. Ni zan ce lauya mai warware taƙaddama.

Sarkin Nahawu: Kalma huɗu a inda ɗaya ta isa. Wannan ita ce Hausar 'yan boko, a yi tunani da Turanci a zuba da Hausa. Mu da muka tashi cikin ganuwa ba ma magana haka.

Ɗan Gumel: To fa, an zo wurin. Dama jira nake. Wato Hausa gadon Kanawa ce, mu na Gumel da Haɗeja aro muka yi? Ka ɗauki masasancinka ka kai Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya, ai a garinku take, su buga maka hatimi.

Sarkin Nahawu: Daidaitacciyar Hausa dai a kan Kananci aka gina ta, ko ka so ko ka ƙi.

Ɗan Gumel: Daidaitacciyar ce ta ce "lauya" a kowane labaran ƙarfe bakwai.

Tsohon Rajistara: Ku yara, yarinya tana da takarda gobe. Sai an nemo muku mai shiga tsakani?

Malamar Hausa: Na bar ku na je na kira ta. Na tambaye ta innarta me take ce wa aikin, ta yi dariya ta ce "rabon faɗan masu kuɗi". Ga abin da na rubuta: lauya ce mai warware taƙaddama, wadda takan fara da sasanta mutane kafin a kai ga kotu. Wani lokaci mai shiga tsakani ce, wani lokaci kuma masu rikicin ne suke yarda su naɗa ta ta yanke musu hukunci. Na cire sulhu saboda Hajiya. Ta "arbitrator" ɗin ban samu kalma ɗaya ba, na bar ta a jimla.

Almajirin Malam: Hakami tana nan dai, in an gaji da zagaye.

Sarkin Nahawu: "Sasanta" ta shiga, to ba laifi. Amma ko sau ɗaya ki sa masasanciya, ƙanwata, kunnen yara ya fara sabawa.

Malamar Hausa: Zan gwada ta a aji uku ranar Laraba, Yaya. In suka yi dariya ba za ta je gaban iyaye ba.