Laftop kaɗai gare ni, wace manhajar kwaikwayon teku zan kama?

Ɗalibi_Argungu: Assalamu alaikum malamaina. Bincikena kan yadda sanyin ruwan Mashigin Gini, wanda ke bayyana wajen Yuni da Yuli, yake shafar damina a Kebbi. Wace manhaja ta dace, kuma ta yaya ake shiga cikin masu gina ta?

Malam_Yawuri: Wa alaikumus salam ƙanena. Manyan su ne MOM6 ta cibiyar GFDL a Amurka, wadda tushenta aikin masana Bryan da Cox ne na shekarun 1960, sai NEMO ta haɗin gwiwar cibiyoyin Turai, da MITgcm. Ga yanki guda kamar gaɓar Afirka ta Yamma, CROCO ta fi dacewa. Amma kada ka fara can. Sauke MITgcm daga GitHub, ka sa gfortran (kwamfaila, wato manhajar da ke mayar da rubutun shirin zuwa abin da kwamfuta za ta gudanar) a Linux, ka gudanar da darasin barotropic gyre (gwajin zagayen ruwa da iska ke korawa): an raba tekun gida-gida, gidaje 62 sau 62, kowane kilomita 20, takun lokaci (tazarar da ke tsakanin lissafi da na gaba) daƙiƙa 1200. Umarnin uku ne, genmake2, make depend, make. Ba ya wahalar da laftop.

Inda sababbi ke faɗuwa shi ne takun lokaci. Bai kamata ruwa ko igiya su tsallake gida ɗaya a taku ɗaya ba. A zurfin mita 4000, igiyar saman ruwa na gudun kusan mita 200 a daƙiƙa, ke nan gidan kilomita 10 daƙiƙa 50 kacal yake ɗaukarta. Shi ya sa CROCO da MOM6 ke lissafin saman da ƙaramin taku na dabam. In ka ga NaN (alamar lissafi ya lalace) ya cika sakamakonka, rage takun da rabi kafin ka zargi manhajar. In bai daina ba, duba taswirar zurfin da ka ɗauko daga GEBCO, ma'ajiyar bayanan zurfin teku. Gangara mai tsini tana haifar da igiyar ƙarya a CROCO, dole a rage tsininta tukuna.

Hajiya_Jega: Ƙari kan na Malam: wutarmu ka san halinta. Saita manhajar ta riƙa ajiye fayil na pickup (inda lissafi ya tsaya) a kai a kai, don ka ci gaba daga inda aka ɗauke. Bayanan iska na ERA5 (kundin bayanan yanayi na duniya) kuma yankinka kawai za ka yanko, in ba haka ba data ta ƙare.

Ɗalibi_Argungu: Na gode Hajiya. Batun sa hannu fa?

Malam_Yawuri: Ba da sabon lissafi ake shiga ba. Ka ci karo da matsala, ka rubuta rahoto da sunan kwamfailarka, fayilolin saiti, da ƙaramin misalin da kowa zai iya maimaitawa. In gyara za ka tura wa MITgcm, gudanar da testreport, shirin gwajinta, tukuna. A MOM6 ma sun fi tsanani: gyaran da ya canza tsohon sakamako ko da a lamba ta ƙarshe, sai an ɗaura masa maɓallin kunnawa da kashewa kafin a karɓa.