Abin da muka tsinta kan kalmar “rightful”

Ranar Asabar bayan la'asar, mu 'yan ajin Turanci na Jami'ar Usmanu Danfodiyo muka zauna gindin dogon yaro muna jayayya kan wannan kalma. Ga abin da ya fito.

Yawancinmu mun yarda cewa ma'anarta ita ce mai haƙƙi na gaskiya, halastacce. Idan akuya ta ɓace a kara aka tsince ta, wanda za a mayar wa shi ne “rightful owner”, ko da wani ya riga ya ɗaure ta a gidansa. Haka “rightful heir”, wato magajin da gado ya wajaba gare shi. Wani dattijo a cikinmu, malamin firamare, ya ce kalmar ta fi fitowa inda ake taƙaddama, lokacin da abu ke hannun wanda bai dace ba. Ni dai wannan bayanin ya fi gamsar da ni.

An ja kunnenmu kada mu haɗa ta da “righteous”, wadda ke nufin salihi mai tsoron Allah. “Legal” kuwa dokar ƙasa take kallo, amma “rightful” tana iya tsayawa kan adalci ko al'ada ko da kotu ba ta ce uffan ba.

Kafin suna “rightful” take zuwa, ba a cika barin ta ƙarshen jimla ba. In kana son cewa abu naka ne halak malak, sai ka ce “rightfully mine”. Wata 'yar'uwa kuma ta tuna mana cewa “l” ɗaya ce a ƙarshen “rightful”.