Ƙanwata tana son fitar da kundin waƙoƙin da wasu suka rubuta: ina neman shawara

Baban Sadiku, Mile 12:

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, albasa da tattasai nake saukewa daga Arewa, kuma ban san harkar waƙa ba sai a matsayin mai sauraro. Ƙanwata, wadda nake riƙo tun rasuwar mahaifinmu, shekararta 23, tana koyarwa a wata makarantar yara da safe, da yamma kuma tana zuwa atisaye da wata ƙungiya mai shirya wasan kwaikwayo na dandamali, irin wanda ake ba da labarinsa da waƙa. Yanzu ta zo mini da shawarar cewa za ta fitar da kundi mai waƙoƙi goma ba tare da wani kamfani ya ɗauki nauyinta ba: biyar daga waƙoƙin pop na Amurka da Ingila, biyar daga irin waɗannan wasanni, kuma uku daga ciki za ta mayar da su Hausa. Babu ko ɗaya da ita ta rubuta.

Na taɓa tsayawa a bakin ƙofar ɗakinta tana rera ɗaya daga cikinsu, babu kiɗa, sai ƙarar janareton maƙwabta, kuma ban iya motsawa ba har ta gama. Saboda haka ba na shakkar muryarta. Abin da nake son sani, tunda ni zan biya kuɗin situdiyo, shi ne: shin doka ta ba ta damar yin haka, kuma shin hikima ce yarinya ta fara gabatar da kanta ga duniya da waƙar wasu?

Injiniya Sani, Surulere:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Aikina ɗaukar murya da tace sauti, don haka zan tsaya kan ɓangaren doka da kuɗi. Kowace waƙa tana ɗauke da haƙƙi iri biyu: haƙƙin wanda ya rubuta baitoci ya tsara kari, da haƙƙin wanda ya mallaki sautin da aka naɗa. Idan ƙanwarka ta shiga situdiyo ta rera da muryarta, aka buga mata kiɗa sabo, na biyun nata ne, amma na farkon yana nan a hannun marubucin ko kamfanin da ke kula da ayyukansa. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a 2023, haƙƙin marubucin waƙa ba ya faɗuwa sai shekara 70 bayan mutuwarsa. Ke nan duk waƙar pop da ta zaɓa tana da mai ita.

Waƙoƙi bakwai da za ta rera da Turancinsu ba su da wahala sosai. A Amurka doka ta ba kowa damar sake rera waƙar da aka riga aka fitar, muddin ya karɓi lasisi, ana biyan marubucin rabonsa, kuma bai sauya asalin karin waƙar ba. Kamfanonin da ke ɗora wa mawaƙa masu zaman kansu ayyukansu a Spotify da sauransu, irin su DistroKid, suna yanko wannan lasisi a madadin mawaƙi. Sai dai lasisin na sauti ne kawai. Bidiyo yana buƙatar wani izini dabam, kuma idan ta ɗora a YouTube, na'urar da ke gano waƙoƙi tana iya karkatar da kuɗin talla zuwa ga masu waƙar. Idan kuma za ta yi wasa a gaban jama'a a nan Legas, ya kamata masu wurin su kasance sun daidaita da MCSN, ƙungiyar da ke karɓar kuɗin haƙƙin waƙa a madadin masu ita.

Ukun da za ta fassara su ne abin dubawa, domin fassara sauya waƙa ce, kuma wancan lasisi bai haɗa da ita ba. Dole a rubuta wa masu waƙar a nemi yardarsu, suna da ikon ƙi, kuma amsar takan ɗauki watanni. Na ga wani yaro da ya sayar da babur ɗinsa ya naɗi irin wannan fassara, aka sauke ta daga intanet kafin ta yi mako biyu. Kada ka biya kuɗin naɗar waɗannan ukun sai takarda ta zo hannu.

Malama Rifkatu, Yaba:

Ina gaishe ka, Baban Sadiku, kuma Allah ya saka maka da ka tsaya wa yarinyar nan. Ni na yi shekaru ina cikin 'yan amshi, kuma ina koyar da murya. Ba na ganin aibu ga mawaƙiya ta fara da waƙoƙin wasu, domin duk wanda ya bi ta makarantar koyon kiɗa da waƙa ta MUSON da ke Onikan ya san cewa da su ake gina numfashi da kunne. Legas ma yanzu tana da masu sauraron irin wannan aiki, tun da aka kawo wasan Fela! daga Broadway, cibiyar irin waɗannan wasanni a New York, a 2011, sannan Bolanle Austen-Peters ta fara shirya nata wasannin a ƙarƙashin cibiyar al'adu ta Terra Kulture daga 2013.

Damuwata tana wani wuri. Waƙar pop an gina ta ne ta tsaya da ƙafarta, da amshi mai dawowa wanda mutum zai kama a cikin motar haya. Waƙar wasan dandamali kuwa magana ce ta wani mutum a cikin labari, wanda ya kai matsayin da zance ya gaza masa sai ya koma rerawa, kuma sau da yawa yakan fara waƙar da wani tunani ya ƙare ta da wani. Idan aka ciro ta daga labarinta aka ajiye kusa da waƙar rawa, mai sauraro ba ya sanin wa ke magana ko me ya same shi. Don haka ta zaɓi waɗanda ma'anarsu ke fita ko ba a san wasan ba, kuma ta sa makaɗa ɗaya su buga dukkan goman, da fiyano da jita da wani abu namu kamar gurmi ko kalangu mai taushi, domin kundin ya zama abu guda maimakon tarkacen da aka haɗa.

Game da fassara kuma, akwai abin da ya fi izini wuya. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, Turanci kuwa ba haka yake ba. Kalmar "kuka" idan muryar ta tsaya sama a gaɓoɓinta biyu hawaye ake nufi, amma idan ta faɗi a gaɓar ƙarshe ta koma itaciya. Na taɓa zama da wata ɗaliba a kan layi guda kusan awa biyu, domin karin da Bature ya tsara yana gangarowa daidai kan wannan kalma, kuma duk lokacin da ta rera sai kunnena ya ji bishiya. Daga ƙarshe sai da muka watsar da fassarar kalma da kalma, muka sake gina baitin da wasu kalmomi da hawa da saukarsu suka dace da karin. Idan ba za ta iya ba kowace waƙa irin wannan haƙuri ba, gara ta fassara ɗaya tak ta yi ta da kyau.

Alhaji Mai Goro, Agege:

Ni ina da ja a kan maganar Malama, da dukkan girmamawa. Aron kari ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin mun ga yadda aka ɗauki karin waƙoƙin finafinan Indiya aka zuba musu Hausa a Kano shekara da shekaru, jama'a kuma suka karɓa. Amma idan aka tambaye mu wa muke tunawa, sai mu ce Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da Barmani Choge, kuma dukkansu da bakinsu suka yi magana. Yarinyar da ta tashi a Legas, tana jin Hausa a gida, Yarbanci a layi, Turanci a makaranta, tana da labarin da babu wani marubuci a Landan da zai rubuta mata shi. Ina ba da shawara, ɗana, ka sanya mata sharaɗi cewa cikin goman nan akwai aƙalla biyu nata na kanta, ko da ba su kai sauran gogewa ba. Ta fuskar kasuwa ma, su ne kaɗai duk abin da suka kawo zai shigo hannunta babu mai raba ta da shi.

Baban Sadiku, Mile 12:

Na gode muku ƙwarai. Na karanta mata amsoshinku jiya da dare bayan isha'i. Ta yi shiru a kan maganar Baba na Agege, sannan ta tashi ta ɗauko wani littafin rubutu na makaranta daga ƙarƙashin katifa, wanda ban taɓa sanin tana da shi ba, ta nuna mini baitoci da ta rubuta game da mahaifinmu. Mun tsaya a kan cewa za a naɗi bakwai na Turanci da biyu nata, fassara ɗaya kuma za ta jira izini. Injiniya, ina roƙon ka bayyana mana yadda ake gano kamfanin da ke riƙe da haƙƙin waƙa, domin mu rubuta wasiƙar a wannan makon.